Kafin Ka Hau Kujerar Likitan Haƙori da Bayan Ka Sauka

(Taken shiri)

 Yau kan tiyatar baki za mu tsaya: abin da mutum zai tarar tun daga ranar da aka ce masa sai an yi aiki, har zuwa ranar da zai koma cin tuwonsa ba tare da taunar gefe ɗaya ba.

Na san a cikin masu jinmu yanzu akwai wanda ya tallabe kunci da hannu, ya yi kwana da kwanaki bai runtsa ba, alhali likita ya riga ya faɗa masa haƙorin nan ba shi da sauran gyara. An ba shi rana, ranar ta zo ya ƙi komawa. Ya gwada kanumfari, ya gwada kanwa, ya fasa kafso ja da yalo ya ɗura garin a kogon, wani ma har ruwan batir aka ce ya ɗiga. Kuɗi yana cikin abin da ya hana shi, ba mu musa ba, amma tsoro ya fi yawa. To abin da nake so mu gane yau shi ne, wurin da ake tsoron nan, wato kan kujerar likita, nan ne mafi sauƙi a duk lamarin. Matsala a wuri biyu take ɓullowa: abin da majiyyaci ya ɓoye wa likita kafin a fara, da abin da ya aikata bayan ya koma gida.

Mafi yawan tiyatar baki cire haƙori ne, musamman wanda ya karye ya bar saiwa a cikin dasashi, ko turmin ƙarshe da ya maƙale. Baligi yana da haƙora 32, kuma huɗu daga ciki su ne turamen can ƙurya da suke fitowa a makare, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa sai su tarar wuri ya cika, su fito a karkace, ko su kwanta cikin ƙashi suna tokarin na gabansu, abinci yana shiga ƙarƙashin naman da ya rufe su yana ruɓewa. Irin wannan ba ya fita da ja kawai. Ban da shi akwai tsaga ƙurji a fitar da mugunya, da yanko ɗan nama a kai gwaji, da gyaran muƙamuƙin da ya karye, da cire ƙari. Manyan ayyuka na ƙwararrun likitocin tiyatar baki da fuska ne, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Ƙananan kuwa, duk asibitin da yake da likitan haƙori yana yi.

Mu fara da ranar farko. Ka je da ciwon haƙori, sai ka ji likita yana tambayarka hawan jini, da suga, da sikila, da olsa. Wasu sukan ƙosa. Kowace tambaya aka yi sai su ce babu, don dai a yi a gama. Wasu kuma da gangan suke ɓoyewa, gudun kada a ce su je su dawo. Malam, wannan ɓoyon kanka kake cuta da shi, domin kowace tambaya da dalilinta.

Mai hawan jinin da bai daidaita ba yakan fi zubar da jini, ga kuma fargabar aiki da take ƙara ɗaga shi, shi ya sa ake aunawa kafin a taɓa baki. Mai ciwon suga, idan sugan ya yi sama, rauninsa yakan daɗe bai haɗe ba kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun hanya a jikinsa. Irin su an fi so a yi musu aiki da safe, sun karya kumallo sun sha maganinsu. Mai sikila yana buƙatar shiri na musamman, domin zafi da ƙarancin ruwa a jiki da shigar ƙwayoyin cuta duk suna iya tayar masa da ciwo. Wanda aka sa wa marfin roba ko na ƙarfe a zuciya, mai yiwuwa a ba shi maganin ƙwayoyin cuta tun kafin aiki. Wanda kuma ya san a gidansu idan an yi kaciya ko mutum ya yanke jini ba ya saurin tsayawa, to wannan labari ya fi kowanne muhimmanci, ya faɗe shi ko ba a tambaya ba.

Sai magunguna. Akwai masu shan maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, irin su warfarin da clopidogrel da ƙaramin asfirin. A faɗa wa likita. Amma kada wanda ya tsayar da maganinsa da kansa don ya ji an ce yana sa zubar jini; sau da yawa ana cire haƙori mutum yana kan maganin, sai dai a ƙara kulawa wajen tsayar da jinin, kuma haɗarin barinsa ya fi na zubar jinin girma. Abin da ya fi sauƙi, ka zuba duk abin da kake sha a leda ka je da shi, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Idan kuma ka taɓa shan wani magani ya fesa maka ƙuraje ko ya kumbura maka fuska, ka ambata.

Iyayenmu mata masu juna biyu, ana yawan ce muku ba a taɓa haƙorin mai ciki sai ta haihu. Ba haka ba ne. Aikin da zai iya jira an fi son a yi shi tsakanin wata na 4 zuwa na 6, lokacin laulayi ya lafa kuma cikin bai yi nauyin da zai hana kishingiɗa ba. Wanda ba zai jira ba, kamar ƙurji mai mugunya, ko yaushe ana yin sa. Ke dai ki sanar da likita watannin cikin, don ya san maganin da zai rubuta.

Daga nan sai hoto. Kada ka ce ai ga haƙorin nan a fili, hoton na mene ne. Abin da ido yake gani bai kai rabinsa ba. Hoto ne zai nuna ko saiwar a miƙe take ko ta lanƙwashe, da yadda take kusa da wata jijiya da ta ratsa cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, wadda ita ce take ba leɓen ƙasa da haɓa ji. A sama kuma, saiwoyin turame suna dab da wani kogon iska da ke cikin ƙashin kunci, wanda yake haɗe da hanci. Likita zai yi maka bayanin waɗannan kafin ka sa hannu a takardar amincewa. Idan jijiyar nan ta taɓu, leɓe yakan zauna a mace na makonni ko watanni, yawanci ya farfaɗo, a wasu 'yan kaɗan kuma ya ƙi dawowa daidai. Haƙƙinka ne a faɗa maka wannan da harshen da kake ji. Ka yi tambaya, ka kuma tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya, da na magani, da na dawowa cire zare, don kada a tsaya a tsakiya.

Tunda mun zo kan haƙoran sama, bari mu kashe wata magana da ta daɗe tana yawo, cewa wai cire haƙorin sama yana taɓa ido. Jijiyar gani ba ta bi ta saiwar haƙori ba, hanyarta daban. Abin da yake iya kaiwa ga ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin da aka ƙi cirewa, idan mugunyarsa ta haura ta kumbura kunci har ta rufe fatar ido.

Ranar aiki, za a ci abinci ko ba za a ci ba? Ya danganta da irin allurar. Idan ta kashe wuri ce kawai, kana farke, to ka ci abinci mara nauyi ka goge baki kafin ka fito. Masu zuwa da yunwa su ne suke ganin jiri a kan kujera, sannan bayan aikin ma za su yi sa'o'i ba su iya ci ba. Idan kuwa allurar barci ce, wadda ake yi a ɗakin tiyata, ƙa'idar da aka saba ita ce a bar abinci sa'a 6 kafin aiki, farin ruwa kuma sa'a 2. Koko da kunu da madara duk abinci ne a wannan lissafi. Dalili shi ne mai barcin allura ba ya iya kare maƙogwaronsa, idan ya yi amai sai ya gangara huhu. Uwar da tausayi ya sa ta ɗan ba yaronta kunu a ɓoye kafin a shiga da shi, ta faɗi gaskiya. Gara a ɗaga aikin. Kuma duk wanda aka yi wa allurar barci ya zo da ɗan rakiya, ba tuƙi, ba hawa babur shi kaɗai, sai bayan sa'a 24.

(Kiɗa kaɗan)

To ga ka a kan kujera. An kwantar da ita baya, an kunna fitila a saitin bakinka, an ɗora maka ƙyalle a ƙirji. Wani likitan zai fara shafa ɗan magani a dasashi don ya rage jin tsinin allura. Za ka ji tsira kaɗan, sannan ɗan yaji lokacin da ruwan yake shiga. Waɗannan 'yan daƙiƙoƙi su ne iyakar zafin da ya kamata ka ji a duk aikin. Mai yiwuwa ka ji gabanka yana bugawa da sauri na ɗan lokaci. Akwai sinadarin adrenalin a cikin maganin, shi yake tsuke hanyoyin jini don allurar ta daɗe tana aiki, kuma bugun yana wucewa. Bayan minti 5 zuwa 10, idan haƙorin ƙasa ne, rabin leɓenka da gefen harshe za su yi nauyi, ka ji kamar sun kumbura alhali ba su kumbura ba. Likita zai danna dasashin da ƙarfe ya tambaye ka ko kana ji. Nan ba wurin jarumta ba ne. Idan tsini kake ji, ka faɗa a ƙara.

Wani abin sha'awa, likitocin haƙori ne suka fara nuna wa duniya tiyata ba tare da zafi ba. A ranar 16 ga Oktoban 1846, a wani asibiti da ke Boston a Amurka, likitan haƙori William Morton ya shaƙa wa majiyyaci tururin wani sinadari mai suna ita (ether), aka cire masa ƙari a wuya a gaban jama'a. Maganin da aka fi yi mana allurarsa a dasashi yau, wato lidokain, a ƙasar Suwidin aka haɗa shi a 1943. Labaran azabar cire haƙori da kakanninmu suke bayarwa gaskiya ne, sai dai na wani zamani ne, ko kuma na hannun da ba na likita ba.

Abin da allura ba ta kashewa shi ne jin dannawa da jin ƙara. Za ka ji ana turawa da ƙarfi, ana girgiza haƙorin gaba da baya, kanka yana ɗan motsi. Ba fizge haƙori ake yi ba. Ana faɗaɗa raminsa ne a hankali har ya saki. Za ka ji ƙas-ƙas a cikin kunnenka, domin ƙashi yana kai sauti kai tsaye, ƙaramin motsi sai ya zame maka babba. Mutane da yawa a nan suke firgita su ɗauka zafi ne, su kama hannun likita. Kada ka kama hannu, akwai ƙarfe mai kaifi a bakinka. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa idan ka ɗaga hannun hagu zai tsaya. Idan turmin a kwance yake, za a ɗan tsaga dasashi, a rage ƙashin da ya rufe shi da injin da yake fesa ruwa, wani lokaci a raba haƙorin gida biyu ko uku a fitar da shi gunduwa-gunduwa, sannan a ɗinke. Ganin an fito da haƙori a farfashe ba alamar an yi kuskure ba ne, da gangan ake yi don a rage ɓarnar ƙashi. Mai sauƙi yakan ƙare cikin 'yan mintoci, mai wuya ya kai rabin sa'a ko fiye.

Abu ɗaya da jinkiri yake jawowa tun a nan: naman da ya riga ya kumbura ya tara mugunya ba ya karɓar allurar kashe zafi sosai, kuma bakin da ya ƙi buɗuwa yana wahalar da aiki. Wanda ya zo da wuri shi ya fi jin daɗin allurar.

Yanzu an gama. An ɗora maka auduga a ramin, an ce ka cije. Daga nan aiki ya bar hannun likita ya dawo naka, kuma duk abin da za mu faɗa a kan abu ɗaya yake: gudan jinin da zai daskare a cikin ramin. Shi ne murfin ƙashi da jijiyoyin da suka bayyana, kuma a cikinsa sabon nama yake tsirowa. Kamar ɗanyen yaɓe yake a jikin katanga, idan aka bar shi ya kama sai ya zauna, idan ruwa ya doke shi tun yana ɗanye sai ya zube ya bar bango tsirara.

Ka cije audugar nan da ƙarfi na minti 30, ba surutu, ba cirewa ana dubawa. Ka fito waje, rana ta take, bakinka ya cika da yawu mai ɗanɗanon jini, abin da zai fara zo maka shi ne ka tofar. Kada ka tofar, ka haɗiye. Tofi da kaki suna zuƙo gudan daga ramin. Ga mai ruwan leda ya miƙo maka mai sanyi, kai kuma ka saba ka huda da haƙori ka tsotsa. Tsotson nan ma zuƙa ne, daidai yake da shan lemo da tsinke. Ka juye a kofi ka kurɓa a hankali. Sigari da shisha sun haɗa laifi biyu, ga zuƙa ga hayaƙin da yake hana rauni haɗewa. A bar su aƙalla kwana 3, mako guda ya fi. Goro da taba gari ma su huta.

Lokacin salla ya yi, ka ɗauki buta. A nan ne da yawa daga cikinmu suke wanke gudan ba su sani ba, domin hannu ya saba, an kurkure baki sau uku da ƙarfi an fesar. A sa'a 24 na farko ba a kurkurar baki. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, kurkurar baki sunna ce a alwala ba farilla ba, alwalarka ta yi ko ba ita. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya sa ruwa kaɗan ya sunkuya ya bar shi ya zubo da kansa.

Kada ka ci komai sai allurar ta sake ka, abin da yakan ɗauki sa'a 2 zuwa 4, wani lokaci fiye. Mai mataccen leɓe yana iya taune shi ko ya ƙona shi da shayi bai ji ba. Iyaye su sa ido a kan yara musamman, domin yaro yakan mayar da leɓen abin wasa ya yi ta cizo, washegari a tashi da gyambo. Idan an fara ci, a fara da mai laushi wanda ya huce: koko, kunun gyaɗa, fura da nono, fate, dafaffen ƙwai, ayaba, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, a tauna ta ɗaya gefen. Kilishi, tsire, ƙanzo, aya, gyaɗa, rake da gasasshiyar masara su jira mako guda. Harshe zai yi ta son leƙa ramin, a hana shi. Yatsa da tsinken sakace kuwa kada su kusanci wurin.

Ranar ba ta dako ba ce, ba ta gona ba, ba ta daka ko ƙwallo ba. Da dare a ƙara matashi don kai ya ɗaga. Za ka ga jirwayen ja a yawu har washegari, wannan ba komai. Ɗigon jini kaɗan yakan rina yawu mai yawa. Amma idan jini ne sosai yake cika baki, ka zauna a miƙe, ka naɗe auduga ko tsabtataccen hankici, ka ɗan jiƙa, ka ɗora a kan ramin daidai, ka cije minti 30 ba ɗagawa. Jakar ganyen shayi irin ta Lipton da aka jiƙa aka matse ma tana taimakawa. In ka yi haka sau biyu bai tsaya ba, asibiti za ka koma, ko da tsakar dare ne.

Kumburi kuma, ku ji wannan da kyau don kada hankali ya tashi. Bayan cire turmin da ya maƙale, kunci ya fi kumbura a kwana na 2 da na 3, baki ya ƙi buɗuwa sosai, sannan ya fara sacewa, zuwa mako guda ya kusa komawa daidai. A ranar farko sanyi ake sawa: ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi a naɗe cikin ƙyalle, a ɗora a kunci minti 15 a sauke minti 15. Mu da muka saba da gashi, da an ga kumburi sai a ɗora ruwa a wuta a kawo tsumma. A ranar farko gashi ƙara jini da kumburi yake yi.

Bayan sa'a 24 sai a fara ruwan gishiri: rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a guntsa, a karkata kai a hankali, a bar shi ya zubo, sau 3 ko 4 a rana musamman bayan cin abinci, har mako guda. A ci gaba da goge sauran haƙora da buroshi ko asuwaki, a kauce wa ramin kawai. Masu barin goge baki ɗungurungum don tsoro, ƙazanta suke tara wa raunin.

Maganin zafi a sha na farko tun kafin allura ta gama saki. Farasitamol ga baligi bai wuce ƙwaya 8 na miligiram 500 a sa'a 24 ba, kuma a lura, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Ibuprofen yana aiki sosai a ciwon haƙori, amma ba na mai olsa ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai tsohon ciki. Maganin ƙwayoyin cuta kuwa ba kowane cire haƙori yake buƙata ba. Idan likita bai rubuta ba, kada ka biya kemis ka saya don kana ganin ya manta. Idan ya rubuta, ka sha yadda ya tsara.

To idan gudan ya fita fa? Alamarsa ba ta ɓuya. Zafi ya fara sauƙi, sai a kwana na 3 ko na 4 ya dawo fiye da na da, yana harbawa har kunne, baki yana wari, ramin ya zama fayau. Ba a mutuwa da shi, amma yana hana barci, kuma ƙwaya ba ta cika kashe shi ba. Likita zai wanke ramin ya cusa wani magani, sau da yawa mai ɗauke da man kanumfari, cikin ɗan lokaci mutum ya ji sanyi. Kanumfarin gida da ake cusawa a ɗanyen rauni ba ya maye gurbin wannan, sai ma ya ƙona naman.

Wanda aka cire wa turmin sama aka ce masa ramin ya taɓa kogon iskan nan, kada ya fyace majina da ƙarfi har tsawon lokacin da likita ya ɗiba, yawanci kamar mako 2, idan atishawa ta zo kuma ya yi ta baki buɗe. Zare iri biyu ne, akwai mai narkewa da kansa, akwai wanda ake cirewa bayan kamar kwana 7. Ka tambaya wanne aka sa maka.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Zazzaɓi mai zafi. Kumburin da yake ƙaruwa bayan kwana na 3 maimakon raguwa. Mafi haɗari, kumburi mai tauri a ƙarƙashin haɓa da ya kama gefe biyu, harshe ya ɗago, yawu yana dalala, haɗiya ta gagara, murya ta sauya. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo tun 1836, kuma yawanci daga ruɓaɓɓen turmin ƙasa yake tasowa. Yana toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i. Ba na shafe-shafe ba ne, ba na tsagar wanzami ba. A ɗauki mutum a nufi babban asibiti nan take.

(Kiɗa kaɗan)

Manyan ayyuka kuma, a taƙaice. Karayar muƙamuƙi, wadda haɗarin babur yake yawan kawowa, ana gyara ta ko dai da ƙananan faranti da kusoshi a jikin ƙashi, ko a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na mako 4 zuwa 6. Wanda aka ɗaure zai rayu a kan abin sha ne, yana zuƙa ta tsakanin haƙora: kunu, romo, fura da aka dama ta yi ruwa, miyar da aka tace. Zai rame, don haka 'yan gida su riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, su kuma nemi a koya musu abin yi idan amai ya taso masa. Kada ya kwance wayar da kansa don ya ji sauƙi, ƙashi bai gama kamawa ba.

Kumburin muƙamuƙi mara zafi da yake girma a hankali, an fi raina shi domin ba ya ciwo. Akwai wani ƙari, amilobilastoma, da yake cin ƙashi shekara da shekaru. Wanda aka kama da wuri aikinsa kaɗan ne, wanda aka bari sai an yanke ɓangaren muƙamuƙi. Gyambon baki da ya wuce mako 3 bai warke ba shi ma a kai a duba, kuma yanko nama don gwaji ba ya nufin an ga cutar kansa, hanyar ganewa ce. Ƙaramin yaro mai tamowa da aka ga dasashinsa yana jini yana wari, kunci ya fara kumbura, a yi gaggawa, domin haka cutar noma take farawa. Asibitin da ke kula da ita a Sakkwato yana aiki tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe kuwa ana ɗinke masa tun yana kamar wata 3 zuwa 6, na ganɗa daga baya.

Masu cire haƙori a kasuwa da masu fitar da tsutsa, ni dai ban ga abin da za a ce a kansu mai daɗi ba. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne suke cin zaƙin da ya maƙale su fitar da tsami mai narkar da haƙorin. Kayan asibiti ana dafa su ne a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 ko fiye. Filayar da aka goge da tsumma aka juya kan na gaba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki, kuma saiwar da ta karye a hannunsu likita ne dai zai tono ta daga baya.

Ana yawan tambaya kan azumi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa cire haƙori cikin abubuwan da ba sa karya azumi matuƙar ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Sai dai mun ce bayan aiki haɗiye yawu ake yi ba tofarwa ba, ga kuma maganin zafi da za a buƙata. Shi ya sa aikin da zai iya jira ya fi kyau a yi shi kafin Ramadan ko bayansa, ko a nemi lokaci dab da buɗa baki. Mai larurar da ba ta jira kuwa ya san sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya.

Dasashi yakan rufe ramin cikin mako 2 zuwa 3, ƙashin ciki kuma ya ɗauki watanni yana cikowa. Idan turmin ƙarshe aka cire, babu buƙatar maye gurbinsa. Idan na tsakiya ne, giɓin da aka bari yakan sa na gefe su karkato, na sama ko na ƙasan da yake fuskantarsa ya zazzago, tauna ta lalace. Akwai haƙorin roba na cirewa da sawa, akwai wanda ake maƙalawa a jikin na gefe, akwai kuma na dashe cikin ƙashi, wanda ya fi tsada kuma yake buƙatar a jira ƙashin ya warke. Ranar da ka koma cire zare ita ce ranar tambayar wanda ya dace da bakinka da aljihunka.

A nan za mu dakata, jama'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu, wassalamu alaikum.

(Taken shiri)